Ɗaure ciki lokacin tafiya: amsa ga ɗan uwan da ya yi tambaya

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce in mutum yana matse cikinsa in yana tafiya masallaci ko kasuwa, shin cikin zai yi ƙarfi, tumbi kuma ya sauka? Toh ni tela ne, a kan keke nake wuni, ciwon ƙugu ne ya kai ni wajen likitan fisiyo, wato mai gyaran jiki ta hanyar gashi da atisaye, shi ya koya min abin, kuma na daɗe ina yi.

Na farko dai kar ka shanye ciki irin yadda samari ke yi in za a ɗauke su hoto, wannan numfashi kawai yake hana ka, kafin ka kai bakin layi ka gaji ka sake. Ɗaurewa ake yi. Sa hannuwanka a kwiɓi ka ɗan yi tari, za ka ji wani nama ya yi tauri a ƙarƙashin yatsunka, toh shi ake nema, yana can ciki ya zagaye ƙugu kamar ɗamara, shi ke tallafe ƙashin baya. Kuma ba da ƙarfin tsiya ba, kaɗan za ka ɗaure, yadda za ka iya gaisawa da mutane kana numfashi lafiya lau, in magana ta gagara ka wuce gona da iri. Ka miƙe tsaye, kafaɗu a sake, kar ka turo ciki gaba kar ka turo baya.

Ni da falwaya nake lissafi, daga wannan zuwa ta gaba in ɗaure, ta gaba in sake, haka har shago, don wallahi da farko mantawa za ka riƙa yi, kana haɗuwa da wani kun gaisa shikenan ciki ya koma gidan jiya. A hankali jiki ke sabawa, yanzu ko buhun shinkafa zan ɗaga sai in ji cikin ya ɗaure da kansa, kuma tashi daga kan keke da yamma ya daina yi min wuya, a da sai na dafa tebur.

Maganar tumbi kuwa gara in faɗa maka gaskiya, wannan ba ya narkar da kitse. Jiki ba ya zaɓar kitsen wurin da ka motsa ya ƙona, tafiyar ce kanta da rage lemon kwalba da shayi mai suga da lodin tuwon dare za su yi wannan aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, kamar tafiya da ɗan sauri, ka ga minti 30 sau 5 ke nan, da kuma atisayen ƙarfafa jiki kwana 2 a sati. Ɗaure ciki a hanya shi kaɗai ba zai ba ka ƙarfi sosai ba, ka haɗa da atisayen da ake kifa ciki a dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ko daƙiƙa 20 ne bayan asuba.

Don Allah in kana da hawan jini kar ka riƙe numfashi ko kaɗan, yana ɗaga jinin. Mai ƙaba, da wanda aka yi wa aiki a ciki, da iyayenmu mata masu juna biyu ko sabuwar haihuwa musamman ta tiyata, su fara ganin likita tukuna. In kuma ciwon bayan yana sauka ƙafa ko ƙafar na sagewa, ka bar komai ka je asibiti. Allah ya ƙara lafiya.