Sunaye da yawa, amma duk kanwar ja ce

Ɗan'uwa, ka ce jam'iyyu sun cika takardar ƙuri'a, tallan aiki ba ya yankewa, tashoshin labarai sun fi a ƙirga, amma duk inda ka juya sai ka ji kamar an riga an zaɓa maka, har kana tambaya ko zargi ne ya yi maka yawa. Abin da kake ji gaskiya ne, kuma ana iya auna shi. Tambaya biyu za ka riƙa yi: wa ya tsara jerin da aka miƙo maka, kuma me za ka rasa idan ka ce ba ka son ko ɗaya.

A siyasa lissafin ya fi fitowa fili. Inda doka ta ce kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, kuma wanda ya fi ƙuri'a shi zai ɗauka ko da da guda ɗaya ya fi, a hankali manyan jam'iyyu biyu ne ke cinye fagen. Masanin Faransa Maurice Duverger ya bayyana haka tun shekarun 1950. Ƙaramar jam'iyya za ta iya tara ƙuri'u masu yawa amma a warwatse, ta tashi a tutar babu. Mai zaɓe kuma da ya ga haka sau ɗaya sau biyu, sai ya daina bin ransa, ya dangwala wa mai dama-dama don kada wanda ya fi ƙi ya hau. A Amurka a 1992 Ross Perot ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, bai ci jiha ko ɗaya ba. A Birtaniya a 2015 jam'iyyar UKIP ta samu kashi 12.6, ta ƙare da kujera ɗaya tak cikin 650, ita kuwa SNP, jam'iyyar 'yan kishin Scotland, da ba ta kai kashi 5 ba ta kwashi 56, saboda ƙuri'unta a dunƙule suke a Scotland. A Holan ana raba kujeru 150 gwargwadon kason kowace jam'iyya, don haka ƙananan ma suna shiga majalisa. Wannan tsarin shi ma yana da nasa ciwon kai: an yi zaɓe a Maris 2021, sai Janairun 2022 aka rantsar da gwamnati.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke jiran ranar babban zaɓe, alhali an gama yanka da fiɗa tun a zaɓen fid da gwani. Mai son muryarsa ta yi nauyi sai ya yanki katin jam'iyya, ya san ranar rufe rajistar mambobi, ya san ko 'yan jam'iyya ne ke zaɓen ɗan takara kai tsaye ko wakilai ƙalilan.

A wajen aiki, kada yawan talla ya ruɗe ka. Ɗauki biro ka rubuta wuraren da ke buƙatar ainihin sana'arka, waɗanda za ka iya zuwa ka dawo gida a yini. Cire waɗanda mai su ɗaya ne. Idan saura biyu ko uku, albashinka ba a hannunka yake ba, kome ƙwazonka. Wani lokaci ma masu ɗaukar aikin haɗa baki suke: a 2015 Apple da Google da Intel da Adobe sun biya dala miliyan 415 don sasanta ƙarar da ma'aikata suka kai kan zargin sun yi yarjejeniyar kada wani ya ja ma'aikacin wani. Kafin ka sa hannu a takardar aiki, duba wa'adin sanarwar barin aiki, da sharaɗin da ke hana ka komawa kamfanin da ke gogayya da su, da wanda ke sa ka biya kuɗin horo idan ka tafi da wuri. Duba kuma ko gida, ko inshorar lafiya, ko izinin zama a ƙasar sun rataya a kan aikin. Duk wanda aka haɗa wa waɗannan a igiya ɗaya, ranar da ya bari duka za su tsinke. Tanadin abin da zai riƙe ka wata uku zuwa shida shi ke ba ka bakin cewa a'a.

Kafofin labarai kuwa gwajinsu minti biyar ne. Kwafi jimla ɗaya daga wani labari ka nema a intanet, za ka gan ta kalma da kalma a shafuka barkatai, galibi daga kamfanonin dillancin labarai na Reuters ko AFP ko AP. Sannan ka bincika mai kafar. Wanda ya yi fushi da Facebook ya koma Instagram ko WhatsApp bai bar gidan ba, kamfanin Facebook ɗin, wanda yanzu ake kira Meta, shi ya sayi Instagram a 2012, WhatsApp a 2014. A kan duk labarin da ya shafe ka, nemi kafa biyu masu mamallaka daban, kowace da wakilinta a wurin, kuma ka buɗe shafinsu da kanka maimakon jiran abin da manhaja ta turo maka.