Shin leza za ta goge mini tabon fuska kafin bikina?

Tambaya: Likita, saura wata 2 bikina, kuma kuraje sun bar mini baƙin tabo a kumatu. A wani shagon gyaran jiki an ce zama 3 na leza zai goge shi har in yi haske, amma na ga wadda aka ƙona. Na daɗe ina shafa man bilicin. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana da dalili, kuma shawarata ita ce kada ki bari a ɗora miki wannan na'ura a halin da fatarki take ciki.

Maganar da ta ishe ni, wadda nake ji kullum a asibiti, ita ce wai leza haske ne kawai mai wanke fata. Ba haka ba ne, da zafi take aiki. Sinadarin melanin da ke ba fata launi shi ne yake zuƙe hasken ya mayar da shi zafi, kuma mu masu baƙar fata melanin yana shimfiɗe a ko'ina, ba a cikin tabon kaɗai ba. Shi ya sa na'urar da ke yi wa farar fata aiki lafiya, kamar lezar alexandrite mai nanomita 755 (ma'aunin tsawon zangon haskenta ke nan) ko fitilar IPL mai walƙiya da haske mai ƙarfi, take toya tamu har a ga sawun bakin na'urar layi-layi a kumatu. Idan ƙunar ta warke, sai wurin ya fi da baƙi, ko ya yi fari dabbare-dabbare, ko ya kumbura ya zama tabo mai tudu. Lezar Nd:YAG mai nanomita 1064 ta fi dacewa da mu, amma ita ma tana ƙuna a hannun wadda ta sayo na'ura ta intanet, ta yi kwas na 'yan kwanaki, ta rataya farar riga tana kiran kanta ƙwararriya.

Bilicin ya ƙara dagula lamarin, domin sinadarin sitiroyid da ke cikin da yawa daga waɗannan mayuka yana sa fata ta yi siriri, ta yi jinkirin warkewa.

Ki je wurin likitan fata mai rajista da hukumar MDCN mai yi wa likitoci rajista a Najeriya, ki tafi da kwalaben man, ya tsara miki yadda za ki daina a hankali. Idan daga baya ya ga leza ta dace, sai an fara gwaji a ɗan wuri ƙarƙashin muƙamuƙi, an jira an ga yadda fatar ta karɓa, kuma an rufe miki ido da tabarau na musamman. Wata 2 ba zai isa wannan duka ba, don haka ki bar batun leza sai bayan biki.