Ƙuraje Bayan Nutso: Wanne Ne Na Man Shafawa, Wanne Ne Na Asibiti?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ƙanena yana aikin nutso da tukunyar iska a tekun Legas. Ya dawo mana gida da ƙaiƙayi da jajayen tabo a jiki. Me ke kawo haka, kuma me za mu shafa masa? Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Malam, kafin a shafa komai, a tuɓe masa riga a dubi tabon da kyau. Idan shaci ne dabbare-dabbare, ja da shuɗi a cakuɗe, a ƙirji ko ciki ko kafaɗu, kuma ya fito cikin 'yan awoyi da fitowa daga ruwa, wannan ba na chemist ba ne. A can ƙasan ruwa iskar naitirojin tana narkewa cikin jini. In mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Irin kumfar nan tana kaiwa ga laka da ƙwaƙwalwa, shi ya sa muke tsoronta. A kai shi asibiti yau, a faɗa musu nutso ya yi, a sa masa oksijin tsantsa. In da ciwon gaɓoɓi, jiri ko mutuwar ƙafa, sai ɗakin matsin iska na masu nutso, inda ake ƙara matsin iska don kumfar ta narke. Kada ya yi wanka da ruwan zafi. Don gaba: tasowa kada ta wuce mita 9 zuwa 10 a minti, ya dakata minti 3 a zurfin mita 5, kuma ba hawan jirgin sama sai bayan awa 12, ko 18 in nutson ya maimaitu.

Idan kuwa ƙurajen sun bi bakin rigar robar da yake sawa in zai yi nutso, wato wuya da wuyan hannu, jikinsa ne bai karɓi robar ba. Man hydrocortisone na kashi 1 sau biyu a rana da ƙwayar maganin ƙaiƙayi cetirizine miligiram 10 da dare sukan wadatar. A wanke rigar ta bushe sarai.

Mu nan gida kuma, masu shiga gulbin Rima da madatsar Goronyo, ƙaiƙayin bayan wanka yakan zama tsutsar tsargiya ce daga dodon koɗi ta huda fata. In fitsarin jini ya biyo baya, a gwada fitsari, a sha maganin tsargiya praziquantel miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki, bisa umarnin ma'aikacin lafiya.