Kiɗan yana cikin fiyanonka, manhajar ɗauka kawai kake nema

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa kana da fiyano Yamaha PSR da ƙaramar miksa da makirfo guda, kana haɗa kiɗanka a kansu, yanzu kana son ka fara ɗauka a kwamfuta amma ba ka san manhajar da za ka fara da ita ba. Wasu sun ce FL Studio, wasu Cubase. Ni ma a wannan mararrabar na tsaya lokacin da na fara, kuma na ɓata kusan wata shida a banza, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kai ba kamar wanda ke haɗa kiɗa da linzamin kwamfuta ba ne. Gangarka da sarewarka da bes ɗinka duk suna cikin fiyanon, da yatsunka kake fitar da su. Abin da kake so daga manhaja shi ne ta zame maka rakoda mai layuka da yawa: ka ɗauki ganga a layi ɗaya, ka ɗora sauran kayan, mawaƙi ya hau, ka yanke kuskure, ka daidaita ƙara. Duk wadda za ta sa ka yini kana kallon allo hannunka bai taɓa fiyano ba, ba taka ba ce tukuna.

Ni da FL Studio na fara don shi na ga abokai na amfani da shi. Manhaja ce mai kyau, kamfanin Image-Line na Beljiyam ne ke yin ta, kuma idan ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada. Sai dai an gina ta ne a kan jera kiɗa cikin ƙananan akwatuna, ni kuma bugawa na saba. Ka kuma lura, mafi arhar cikinsu mai suna Fruity ba ta ɗaukar sauti daga makirfo, sai ka hau zuwa Producer. Audacity kyauta ce, tana da sauƙi wajen ɗaukar murya da yanka, amma ba ta ɗaukar MIDI, kuma nan ne za ta tsaya maka.

MIDI ɗin nan shi ya fi rikita masu farawa. Ba sauti ba ne. Saƙo ne kawai da ke cewa an danna wannan maɓalli, da wannan ƙarfi, tsawon wannan lokaci, a kan tashoshi 16, kuma bisa al'ada ta 10 ta ganguna ce. Ranar farko na jona kebul ɗin USB daga fiyano, na buga waƙa guda cif, na tura wa wani a waya, ya ce shiru yake ji. Ashe saƙon na ɗauka, sautin yana nan cikin fiyano. Amfaninsa kuwa babba ne: idan yatsa ya zame a wuri ɗaya, ka ja ɗigon da ke wakiltar wannan bugun a allon kwamfuta ka gyara, ka mayar wa fiyano ya sake bugawa da kansa, sannan ka ɗauki sautin ta wayoyin L da R na bayansa.

Don haka shawarata, kafin maganar manhaja ka tanadi kuɗin katin sauti, wato ƙaramin akwatin da ke shigar da sautin fiyano da makirfo cikin kwamfuta, mai ƙofar shigar sauti biyu aƙalla. Sau da yawa manhajar a cikin kwalinsa take zuwa. Steinberg UR22 yana zuwa da Cubase AI, kuma Steinberg ɗin ma mallakin Yamaha ne. Focusrite Scarlett yana zuwa da Ableton Live Lite, wadda ke tsayawa a layi 8. Idan sabo ka saya, ka yi rajista ka fara da abin da aka ba ka. Na hannu kuwa, yawanci mai shi na farko ya riga ya yi amfani da lambar rajistar manhajar.

Idan ba ka samu haka ba, Reaper nake ba ka shawara, kuma da ita nake aiki har yau. Ba ta da nauyi, saukar da ita ba ya cin data, tsohuwar laftof ɗina mai RAM 4 ta ɗauke ta lafiya. Suna ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an rufe komai ba, lasisin mai ƙaramin aiki kuma dala 60 ne. Fuskarta ba ta da ado, makon farko za ka ɗan sha wuya wajen gane inda ake zaɓar ƙofar shigar sauti, amma layi ɗaya yana karɓar MIDI ko sauti, duk wanda ka ba shi. Don Allah ka guji manhajojin da aka fasa don a yi amfani da su ba lasisi, waɗanda ake turawa a filashi. Irinsu ne suka taɓa cinye min aikin mutane uku a dare ɗaya, na rasa bakin da zan yi musu bayani.

Kowacce ka ɗauka, in Windows ce ka sa direban ASIO na katinka, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta, ka ajiye bafa, wato saitin da ke ƙayyade jinkirin sauti, a 128 ko 256 lokacin ɗauka. In ba haka ba za ka danna maɓalli sautin ya iso a makare, mawaƙi kuma ya kasa hawa kiɗa. Kada ka bari ƙara ta kai wurin ja a ma'aunin sautin manhajar, ka bar ta wajen -12. Idan ka ji wani zuuu a ƙarƙashin sautin, musamman a kan janareta, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, to daga wuta ne, sai ka riƙa ɗauka a kan batir.

Faɗa mana lambar PSR ɗin taka da ƙarfin kwamfutar, domin wasu sababbin suna tura sauti ta USB kai tsaye, in ka dace da irinsu sai lissafin katin ya canza.