Ga ƙaninmu na Nima da GPA ɗinsa ya faɗi zuwa 2.1

Salamu alaikum ƙanina, na karanta tambayarka, ka ce kana lebul 200, shekara ta biyu, a Jami'ar Ghana da ke Legon, GPA, wato matsakaicin makinka, ya tsaya a 2.1, ka faɗi kwas biyu, kuma ka kasa gaya wa Mma. Wallahi na san wannan nauyin, ni ma na ɗauke shi, na yi wata guda ina ɓoye rizal ɗina a gida ina cewa bai fito ba tukuna.

Kafin komai ɗauki biro ka yi lissafi, domin tsoro yana ƙara wa abu girma. A Legon ba a auna shekarun daidai wa daida, lebul 100 da 200 kowanne kashi ɗaya ne, amma 300 da 400 kowanne kashi biyu, wato cikin kashi 6 har 4 suna gabanka ba ka taɓa su ba. In muka ce shekarunka biyun farko duk 2.1 ne, kana bukatar kusan 3.45 a biyun ƙarshe ka kai 3.0, nan ne sekan kilas ofa ya fara. Wannan kusan B+ ke nan a yawancin kwas, maki 75 zuwa 79. Ba zan yi maka ƙarya ba, aiki ne ja, amma ranar da na ga lambar a takarda na daina kuka na fara shiri.

Ni abin da ya kayar da ni ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, hanya ce da gida. In tashi daga Nima a Accra in nemi torotoro, motar haya, zuwa tashar 37, in sake hawa ta Madina, in an samu cunkoso lakcar 7:30 ta wuce ni, da an tashi kuma sai in ruga gida tsaron shagon Baba, da dare ga 'yan majalisa ga ataya ga hirar bal, in buɗe littafi ƙarfe 11 ido ya riga ya mutu. Abin da na canza guda ɗaya ne kuma shi ya gyara sauran: na mai da makaranta wurin aiki. Bayan Asuba nake fita kafin titi ya cika, da lakca ko babu ina laburaren Balme, in yi Azahar da La'asar a masallacin makaranta, in ci waakye a Night Market, sai bayan Magariba in kama hanya. Sai da na zauna da Baba na gaya masa gaskiya duka kafin hakan ya yiwu, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce ƙanwata ta riƙe shagon, ni Asabar kawai. Don haka ka gaya wa Mma, fushinta na kwana biyu ne, kuma ba za ta rage maka aike ba in ba ta san halin da kake ciki ba.

Sai maganar pasko, wato tambayoyin jarrabawar baya. Kowa yana nema, amma yawanci haddace amsa ake yi daren jarrabawa, malam ya juya tambayar kaɗan shi ke nan. Ka rufe littafi, ka sa agogo, ka amsa da hannunka kamar kana zauren jarrabawa, inda ka maƙale nan ne karatunka na gobe, kuma shi za ka kai wa TA, mataimakin malami, a tutoriyal. Kada kunya ta hana ka, don wannan aka ajiye su. IA kuma, wato gwajin tsakiyar semesta, kar ka raina shi, makin da ka zubar a tsakiyar semesta ba ya dawowa.

Kwas biyun da ka faɗi, gobe ka je dipatmen ka ga mai ba ɗalibai shawara kan yadda za ka sake su, kada ka bari su taru har lebul 400 su haɗu da furojet. Abokan karatu mutum uku sun isa, da sun kai shida ya zama hira. Waya kuma cikin jaka, WhatsApp ba zai gudu ba.

Wane kwas ne biyun? Rubuto min su, in akwai na lissafi a ciki ina da tsofaffin not ɗina na lakca, ranar Juma'a bayan masallaci sai ka karɓa. Allah Ya buɗa maka.