Amsa ga Aminu kan amanar yara da rufin asiri

Aminu ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun kalli wani fim na Turawa kai da maiɗakinka, inda ake zargin mai horas da yara ƙwallo da lalata da su, kuma tun ranar ta hana Sadiku zuwa filin atisaye a Birnin Kebbi. Tambayarka ita ce, a al'adarmu in irin wannan magana ta taso kan wanda aka damƙa wa yara, tonawa ake yi ko rufewa?

Rufewa aka fi yi, ba zan ɓoye maka ba. Muna tasowa a Argungu yaro a hannun mutane da yawa yake: malamin allo, ubangidansa a wurin su, da mai koya masa kokawa a dandali bayan an gama girbi. Uba ya kai ɗansa ya ce "ga amana", shi ke nan. In aka ji ƙishin-ƙishin, dattawa su taru a zauren mai unguwa bayan isha'i, a kira mutumin a yi masa tatas, in abin ya yi muni a ce kada asuba ta same shi a gari. Daga nan sai a ce a bar kaza cikin gashinta. Ban taɓa jin wanda ya tambayi garin da ya dosa ba, alhali can ma 'ya'yan mutane ne. Rufin asiri na wanda laifinsa ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Mai cutar yaro kuwa, in ka rufa masa, wani yaron ka miƙa masa.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka an yi wani Jerry Sandusky, mataimakin koci a jami'ar jihar Pensilbaniya, har gidauniyar taimakon yara marasa galihu ya kafa. Tun 2001 aka kai wa manyan jami'ar labarin an gan shi yana lalata da wani yaro, ba su kai wa 'yan sanda ba don gudun zubewar suna. Sai 2012 kotu ta ɗaure shi shekara 30 zuwa 60.

Amma ka kiyayi ƙazafi. Aya ta 4 cikin Suratun Nur bulala 80 ta yanke wa mai jefa kamilai da alfasha ba da shaidu huɗu ba. Kocin Sadiku babu wanda ya faɗi komai a kansa, fim kuka kalla. Kada in ji sunansa a majalisa ko a WhatsApp.

Abin da nake so ka riƙe daga al'adar shi ne yadda magana ke fita daga bakin yaro. Ba ya faɗa wa uba, kunya ba za ta bar shi ba, balle Sadiku ɗan fari da uwarsa ko sunansa ba ta kira. Kaka yake faɗa wa. Hajiya na tsokanarsa "mijina, ina kuɗin cefane?", tana ɓare masa gyaɗa, a nan za ta lura ya daina dariya, ko ya ce ba ya son a bar shi da wane. Ku da kuka tare a birni kun raba yara da wannan ƙofa, kullum suna gaban talabijin.

Ku bar shi ya koma fili. Ka riƙa zuwa kallon atisaye da kanka, ka gaisa da kocin, ka san sauran iyaye. Kokawarmu a sarari ake yin ta, gari na kallo, to ƙwallo ma haka: ba kiran yaro ɗaki shi kaɗai, ba tafiyar kwana sai da wani uba a cikin motar. Kocin kirki ba zai ji haushin wannan ba. In kuwa, Allah ya kiyaye, yaron ya faɗi wani abu, kada ka tsawata masa. Asibiti tukun, sannan ofishin 'yan sanda, zauren mai unguwa ya biyo baya.

In an yi hutu ka turo shi Argungu wurin Hajiya. Ka gaishe da maiɗakin naka, ka ce mata Baffa bai ga laifinta ba.