Amsa: Kaposi ba sai da ƙanjamau ba

Malama, kin tambaya yadda Baba ya kamu da dajin fata na Kaposi alhali gwaji ya nuna ba shi da ƙanjamau. Ai tun 1872 likita Moritz Kaposi ya bayyana cutar a birnin Biyana na ƙasar Austriya, a jikin dattawa maza, fiye da shekara ɗari kafin a san ƙanjamau. Tushenta wata ƙwayar cuta ce mai suna HHV-8, wadda aka gano a 1994. Takan shiga jiki ta miyau, wani lokaci tun yarinta, ta yi lamo shekaru. Da tsufa ya ɗan sassauta garkuwa, sai ta harzuƙa bangon jijiyoyin jini ya yi ta tsiro. Yawanci a ƙafa take fara fitowa, tabo baƙi-baƙi mara ciwo da mutum zai ɗauka bugewa ya yi. Irin ta dattawa a hankali take tafiya. Allah ya ba shi lafiya.